Ƙwayar da Hanta ke Sake Ƙerawa: Tarihin Firimakwin

A lokacin Yaƙin Koriya, wanda aka gwabza daga 1950 zuwa 1953, sojan Amurka da ya hau jirgin ruwa zai koma gida kullum sai an miƙa masa ƙwayar magani, miligiram 15, har kwana 14, kimanin kwanakin da jirgi ke yi kafin ya ƙetare Tekun Fasifik. Sunan maganin firimakwin. Waɗanda suka riga su komawa sun sauka lafiya ƙalau, bayan watanni sai zazzaɓi ya kayar da su a garuruwan da aka manta da maleriya. Irin maleriyar Koriya, wadda ake kira vivax, tana da wata ɗabi'a: wasu ƙwayoyinta sukan shige hanta su yi kwanton ɓauna, sai an saki jiki su fito. Kwinin da kulorokwin suna share waɗanda ke cikin jini, amma hannunsu ba ya kaiwa ga na hanta. Firimakwin yana kaiwa.

Ba don miligiram 15 ya fi ƙarfi aka tsaya a kansa ba. An tsaya ne don in aka ninka shi zuwa 30, kimanin ɗaya cikin goma na baƙaƙen fata sai fitsarinsu ya yi duhu kamar baƙin shayi, ido ya koma ruwan ɗorawa, jini ya ragu cikin 'yan kwanaki. Magani ɗaya, yana warkar da wannan, yana fasa jinin wancan. Kuma abin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne in aka zuba shi kai tsaye a kan jajayen ƙwayoyin jini a cikin kwalba, ba ya fasa su sai an cika shi fiye da kima. Daga baya, da aka iya renon ƙwayar maleriya a ɗakin gwaji, aka ga ita ma bai dame ta sosai ba. Ashe abin da mutum ya haɗiya daban, abin da ke yin aikin daban. A tsakanin baki da jini akwai wanda ke sake ƙera maganin, kuma an shafe fiye da shekara 60 ana neman abin da yake ƙerawa.

Asalin labarin a Jamus yake. A 1891 Paul Ehrlich ya ba marasa lafiya biyu a Berlin wani shuɗin rini, metilin bulu, zazzaɓinsu ya sauka. Masu haɗa magunguna na kamfanin Bayer a Elberfeld suka ɗauki wannan zaren, suka riƙa sauya siffar rinin suna gwadawa a jikin tsuntsayen kanari da aka sa wa maleriyar tsuntsaye, har suka fito da famakwin, wanda aka sa a kasuwa a 1926 da sunan Plasmochin. A shekarar nan likitocin kamfanin ayaba na United Fruit suka fara rubuta cewa wasu leburorin gona da aka ba shi suna baƙin fitsari. Aka ji tsoronsa, aka koma ga kwinin.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya tilasta a waiwayi gidan famakwin. A 1942 Japan ta mamaye tsibirin Java na Indunusiya, inda kimanin kashi 90 cikin 100 na kwinin duniya ke fitowa. Amurka ta buɗe wani gagarumin shiri, aka gwada sinadarai kimanin 14,000. Firimakwin shi ne mai lamba 13,272 a jerin, kuma a ɗakin gwajin Robert Elderfield na Jami'ar Columbia aka haɗa shi a 1946. Ƙanin famakwin ne, an ɗan rage masa wutsiya, ya fi shi sauƙin sha.

Gwajin mutane kuwa a gidan yari aka yi shi. Tun daga 1944, Alf Alving na Jami'ar Shikago ya buɗe sashen bincike a kurkukun Stateville na jihar Illinois. Ana kawo sauro mai ɗauke da vivax ya ciji fursuna, a jira zazzaɓi ya taso, a ba shi magani, a ƙirga kwanakin da cutar za ta yi kafin ta dawo. An ce su suka yarda, sun kuma sa hannu. Amma yardar mutumin da ƙofa ke kulle a bayansa, yana fatan a rage masa shekarun ɗauri, ba irin yardar mai 'yanci ba ce. Lauyoyin likitocin Nazi sun ɗaga wannan aikin a shari'ar Nuremberg don su kare waɗanda suke tsaya wa. Ni dai ina ganin duk wanda zai ba da tarihin maganin nan, wajibi ne ya faɗi sunan gidan yarin, domin kusan duk abin da za a ambata a sakin layi na gaba da jinin fursunoni aka gano shi, kuma binciken baƙin fitsari a jikin baƙaƙen fursunoni aka yi shi.

A 1954 Raymond Dern da Alving da abokan aikinsu suka yi wani gwaji mai kaifi. Suka ɗebi jajayen ƙwayoyin jinin mutumin da firimakwin ke yi wa illa, suka yi musu shaida da wani ƙarfe mai fitar da haske, kuromiyam 51, suka sa su a jikin wanda ba ya yi wa illa, sannan suka ba shi maganin. Ƙwayoyin aro suka fashe, nasa na asali suka tsira. Laifin kenan a cikin ƙwayar jinin yake. Tare da Ernest Beutler suka kuma lura cewa tsofaffin ƙwayoyi ne ke fashewa, sababbi suna jurewa, shi ya sa a jikin waɗannan mutane fashewar kan lafa da kanta bayan mako guda ko da ana ci gaba da sha. A 1956 Paul Carson da abokan aikinsa suka kama bakin zaren: mutanen suna da ƙarancin wani enzayim, G6PD. Enzayim wani ɗan ma'aikaci ne a cikin ƙwayar halitta, kowane da irin aikin da ya ƙware a kai. Aikin wannan shi ne samar wa jajayen ƙwayoyi abin da za su kashe gobarar iskar oksijin da shi. Wanda nasa ya yi ƙaranci yana zaune lafiya har sai ranar da wani abu ya kunna wutar.

A yau an san mutum kimanin miliyan 400 ke da wannan ƙarancin. Ta wajen uwa namiji ke gadonsa, kuma a Najeriya ƙiyasi ya nuna kimanin namiji ɗaya cikin shida yana da shi. Me ya sa ya yawaita daidai inda sauro ya yawaita? Ɗaya daga cikin amsoshin da suka fi gamsarwa daga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan ta fito a 1969. Lucio Luzzatto da Essien Usanga da S. Reddy suka duba jinin 'yan mata masu maleriya waɗanda ke da ƙwayoyin jini iri biyu a jiki ɗaya, masu cikakken enzayim da masu ƙaranci. Suka tarar ƙwayar cutar ta fi zama a masu cikakken. Wato ƙarancin nan garkuwa ce da kakanni suka bar mana daga falsifarum, maleriyar da ke kashe yara. Kuɗin garkuwar shi ake biya idan an sha firimakwin, ko kuma idan aka ajiye kayan jariri da ƙwallayen kafur na kasuwa, waɗanda naftalin ne, jaririn ya wayi gari da shawara.

An gano wanda ake ƙonawa, saura mai kunna wutar. Tun a 1950 Bernard Brodie da Sidney Udenfriend suka nuna cewa abin da ke fita a fitsari bayan an sha famakwin ya fi famakwin ɗin kansa ɓata jini. Kuma a Ingila an riga an ga irin wannan a wani magani. Furogwanil, wanda Francis Curd da Garnet Davey da Francis Rose suka fitar a kamfanin ICI na Manchester a 1945, aka sayar da shi da sunan Paludrine, ba ya taɓuka abin kirki a kwalba, amma ruwan jinin dabbar da aka ba shi yana kashe ƙwayar cutar. A 1951 aka tsamo dalilin: jiki yana lanƙwasa wutsiyar maganin ya haɗa ta zobe, ya zama saikulogwanil, shi ne ke toshe wa ƙwayar maleriya hanyar yin folet. Furogwanil uwa ce kawai, ɗanta ke zuwa yaƙi. Wannan ɗan ya yi sauƙin kamawa don yana da natsuwa, yana zama a fitsari har a zo a same shi. 'Ya'yan firimakwin ba haka suke ba.

Hanta ba don ta taimaki likita take taɓa magani ba. A wurinta duk baƙon sinadari abin fitarwa ne. Yawancin magunguna sun fi son maiƙo da ruwa, ƙoda kuwa sai abin da ya narke a ruwa take iya zubarwa. Don haka hanta takan liƙa wa baƙon ɗigon oksijin, ko ta yanke masa wani sashe, ko ta ɗaura masa sukari, ya zama abin da fitsari zai ɗauka. Babban gidan masu wannan aiki shi ake kira saitokurom P450, sunan da Tsuneo Omura da Ryo Sato suka raɗa masa a Osaka a 1962. Sau da yawa wannan taɓin yana kashe ƙarfin magani. Wani lokaci shi ke tayar da shi. Wani lokaci kuma yakan mai da shi dafi.

Wahalar ita ce a kama abin da aka ƙera. Mutum ya sha miligiram 15, ya watsu a jiki mai nauyin kilo 60, rabinsa ya ɓace daga jini cikin kimanin awa 6, ɗan kaɗan ne ke fita a fitsari yadda ya shiga. Kafin masanin sinadari na wancan zamani ya tantance siffar abu, sai ya tara shi da ɗan yawa, tsantsa, a hannu. Daga jinin ɓera ko na mutum ba ya samun ko kwatankwacin ƙura. Nan ne wata dabara ta shigo daga inda ba a zata ba.

A 1952 Durey Peterson da Herbert Murray na kamfanin Upjohn suka gano cewa wata fumfuna, Rhizopus, tana liƙa oksijin a daidai gurbin da masu haɗa maganin kotizon ke shan baƙar wahala kafin su kai, abin da ya karya farashin maganin. A 1968 ɗakin gwajin Irwin Gunsalus a Illinois ya sami P450 a cikin wata bakteriyar ƙasa da ke cin kafur na ainihi, na itace. Ashe ba hanta kaɗai ke da waɗannan ma'aikata ba. A 1974 Robert V. Smith na Jami'ar Texas da John Rosazza na Jami'ar Iowa suka haɗa biyu da biyu suka kawo shawara: tunda fumfuna da bakteriya suna da irin kayan aikin hanta, a ba su magani su sarrafa, a ga me za su fitar. Ɓera ɗaya hantarsa 'yar mitsitsiya ce, fumfuna kuwa ana iya renonta a kwalabe 50, ta cika su taf, a tace a samu abin aunawa. In an san siffarsa, sai a koma jinin dabba da na mutum a nemi mai kama da shi. Mai neman ɓataccen raƙumi ya fi saurin ganinsa in an riga an kwatanta masa shaidar da ke wuyansa.

Waɗanda suka ɗora wannan dabara a kan maganin maleriya suna Makarantar Haɗa Magunguna ta Jami'ar Misisipi: Alice Clark da Charles Hufford da James McChesney. Aikin na haƙuri ne. A dafa romon sukari da sauran abin da ƙwayoyin ke ci, a zuba a kwalabe, a shuka ƙwayar, a ɗora a injin girgiza dare da rana don iska ta shiga. Idan ta yi kauri a ɗiga mata firimakwin, a riƙa ɗiban ruwan kullum ana ɗigawa a faifan gwaji a ga ko sabon tabo ya fito ban da na uwar. A rahoton da suka fitar a 1981 sun gwada ƙwayoyi iri 77, 23 daga ciki suka sauya maganin. Biyu suka zaɓa suka rena da yawa. Ɗaya Streptomyces roseochromogenus, daga dangin bakteriyar da ke ba ƙasa ƙamshin nan na bayan ruwan farko. Ɗayar Aspergillus flavus, fumfunar da manomanmu suka sani a ido ko da ba su san sunanta ba, ita ce korayen ƙurar da ke kama gyaɗa da masara in an adana su da laima.

A ɗauka firimakwin yana da kai da wutsiya. Kan zobba biyu ne a manne, wutsiyar kuma sarƙa ce mai ɗigon naitirojin a ƙarshe. Bakteriyar ƙasa ta sa wa ƙarshen wutsiyar hula. Fumfunar gyaɗa kuwa ta cire naitirojin ɗin ta mai da wurin asid. Wannan na biyu shi ake kira kaboksifirimakwin. Da suka riƙe shi a hannu, sai John Baker da su Clark suka koma ga ɓeraye. A 1982 suka ba da sanarwar cewa yana nan a jinin ɓera, da yawa kuwa. A 1984 George Mihaly da Stephen Ward da abokan aikinsu a Liverpool suka same shi a jinin mutane, inda cikin 'yan awoyi yakan ninka uwarsa kimanin sau goma, ya kuma daɗe bayan ta tafi. Shekara 30 da ɗoriya ana ba mutane maganin, babu wanda ya san cewa mafi yawan abin da ke yawo a jininsu wannan ne, sai da fumfunar gyaɗa ta nuna.

Nasara ce ta gaske, amma ba ita ce amsar ba. Kaboksifirimakwin ba ya kashe ƙwayar maleriya yadda za a dogara da shi, ba kuma shi ke fasa jini ba. Babbar hanya ce da jiki ke bi ya yar da maganin, kuma daga baya aka gano wani enzayim mai suna MAO-A ke buɗe ta, ba ma ɗan gidan P450 ba. A ganina a nan ƙarfin dabarar da iyakarta suke. Kwalba tana ba ka abin da ya yi yawa kuma ya natsu. Abin da ke warkarwa da abin da ke cutarwa a firimakwin kaɗan ne, kuma da zarar an ƙera shi ya haɗu da iska ya rikiɗa. Masana sun daɗe suna zargin cewa a kai ake taɓawa, a gurbi na biyar na zoben, ba a wutsiya ba. Sun iya haɗa irin waɗannan 'ya'yan da hannu, sun ga suna ɓata jini a kwalba. Kama su a jikin mai rai da sanin wa ke ƙera su, shi ya gagara.

'Yan Misisipi ba su ajiye kwalabensu ba. Da atemisinin ya fito daga Sin, sai suka juya gare shi. Wannan magani daga wani ganye ɗan'uwan tazargade aka same shi, a ƙarƙashin shirin sirri da aka buɗe ranar 23 ga Mayu 1967, aikin da ya sa Tu Youyou ta sami kyautar Nobel a 2015. Duk ƙarfinsa a wata 'yar gada yake, ɗigon oksijin biyu riƙe da juna. A 1989 su Hufford suka nuna cewa Nocardia corallina da Penicillium chrysogenum suna karya gadar su bar gawar magani, irin wadda masu bincike a Sin suka riga suka gani a fitsarin mutane. Sun yi irin wannan aikin a kan atiyita, wani ɗan gidan atemisinin, suka kwatanta abin da fumfuna ta fitar da na hantar ɓera. A jikin mutum, atesunat da atemita da muke sha a yau duk suna komawa abu ɗaya, daihaidiro-atemisinin, wanda shi ma bai cika wuce 'yan awoyi ba kafin hanta ta ɗaura masa sukari ta sallame shi. Shi ya sa ba a shan su su kaɗai, sai an haɗa da mai daɗewa irin lumefantirin.

A nan akwai mai sarrafawa na uku, ita ce ƙwayar maleriyar kanta. Tana zaune cikin jan ƙwayar jini tana cin himogulobin, ƙarfen da ke cikin abincin nata shi ke karya gadar, abin da ya fito ya ƙone ta daga ciki. Da hannunta take kunna abin da zai kashe ta. Ƙwayoyin da suka fara jure wa atemisinin a Kambodiya, waɗanda aka gano alamarsu ta gado a 2014, aka kuma ga irinsu a Ruwanda a 2020 da Yuganda a 2021, dabararsu ita ce rage ci a ƙuruciya. In ba su ci da yawa ba, ba su kunna da yawa ba, kafin su girma hanta ta kwashe maganin.

Amsar firimakwin ta biyo wata hanya mai nisa. A 1975, a Asibitin St Mary's na Landan, wani Robert Smith daban, masanin sarrafa magunguna, ya sha miligiram 32 na wani maganin hawan jini, debirisokwin, tare da abokan aikinsa. Su ba abin da ya same su, shi kuwa jininsa ya faɗi har ya kasa tsayawa. Da aka auna fitsarinsa aka tarar jikinsa bai taɓa maganin ba. A 1977 suka wallafa cewa abin gado ne, daga baya kuma aka gano tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na Turawa haka suke. Enzayim ɗin da suka rasa shi aka sa wa suna CYP2D6. An yi irin wannan awon a jikin 'yan Najeriya tun 1980. A 1996 Collen Masimirembwa ya bayyana wani nau'insa mai nawar aiki a mutanen Zimbabuwe, wanda aka gano ya yawaita a Afirka kudu da Sahara, a shekarar kuma aka nuna cewa kusan kashi 29 cikin 100 na Habashawa nasu gudu yake yi fiye da kima. Hantar ɗan Adam ba iri ɗaya ba ce, kuma bambancin yana bin zuriya.

Babu wanda ya ɗaura wannan da firimakwin ɗauri mai ƙarfi sai a farkon shekarun 2010. A Cibiyar Binciken Soja ta Walter Reed an sa wa masu sa kai vivax don gwada wata allurar rigakafi, bayan an gama aka ba su kulorokwin da firimakwin a gaban idon ma'aikata. Biyu daga cikinsu cutar ta dawo musu, ba sau ɗaya ba. Ba za a ce ba su sha ba, ba kuma za a ce sabon sauro ya cije su ba. Jason Bennett da abokan aikinsa suka duba gadonsu, suka wallafa a 2013: ɗaya CYP2D6 ɗinsa ba ya aiki, ɗayan rabin aiki yake yi. Jininsu cike da firimakwin, amma babu mai ƙera shi ya zama makami. A ɓerayen da aka cire wa irin wannan enzayim ma maganin ya kasa. A 2018 Kevin Baird ya nuna haka a sojojin Indunusiya da cutar ta dawo wa. A 2019 masu bincike ƙarƙashin Makarantar Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Liverpool suka ƙarasa hoton: CYP2D6 yana liƙa oksijin a kan maganin, ɗan da aka haifa ya shiga kai-komo tsakanin siffa biyu, wani enzayim yana mai da shi baya, kowane zagaye yana fitar da haidurojin ferokzaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Shi ke kashe mai kwanton ɓauna a hanta. Gobarar oksijin irin wannan ce jan ƙwayar jini mai ƙarancin G6PD ba ta iya kashewa.

Mutum zai iya cewa wannan duk labarin vivax ne, mu kuwa a Afirka ta Yamma yawancinmu ba mu da ƙofar Duffy da vivax ke bi ta shiga jan ƙwayar jini. Gaskiya ne, amma bai raba mu da zancen ba. Ovale, wata irin maleriya wadda ita ma ke ɓuya a hanta, tana nan a ƙasashenmu. Hausawan Sudan da ke zaune a yankunan Gadarif da Kasala da Sinnar suna cikin ƙasar da vivax ke yawo. Kuma mun riga mun ga abin da rashin lura da hanta da jini ke jawowa: Lapdap, maganin da aka ƙera musamman don Afirka, mai araha, aka fitar a 2003, an janye shi a 2008, domin hanta tana mai da dafson da ke cikinsa wani abu da ke fasa jinin yara masu ƙarancin G6PD. Haka nan mai shan rifamfisin na tarin fuka ko efabirenz na ƙanjamau, hantarsa takan ƙara sauri ta cinye atemita da lumefantirin kafin su gama aiki. Abin da ya kamata mai sayar da magani ya tambaya kenan kafin ya miƙa kwali, kuma ba kasafai ake tambaya ba.

Kowace damina, tun bayan shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2012, ma'aikata suna bi gida gida a arewacin Najeriya da Nijar suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi wata wata. Amodiyakwin da ke ciki yana barin jini cikin awoyi. Abin da ke ci gaba da aikinsa a jikin yaron har makonni shi ne ɗan da wani enzayim, CYP2C8, ya ƙera daga gare shi, kuma nau'in wannan enzayim mai rauni da aka fi samu a Afirka ba shi ne wanda aka fi samu a Turai ba. Najeriya ita kaɗai tana ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu maleriya a duniya. Ina ganin ƙasa mai wannan nauyi ya dace a ce a jami'o'inta, a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri, ake auna abin da hantar 'ya'yanta ke yi wa magungunan da suke sha, kamar yadda Ibadan ta yi wa duniya a 1969.

Firimakwin kansa ya dawo Sahel da wani aiki. Shi ne ke kashe ƙwayoyin iri na falsifarum, maza da mata, waɗanda sauro ke zuƙa ya kai wa na gaba. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba da shi sau ɗaya tak, miligiram 0.25 ga kowane kilo na nauyin jiki, adadin da ya yi ƙanƙantar da ba sai an gwada G6PD ba. A Ouélessébougou ta ƙasar Mali, Alassane Dicko da abokan aikinsa suka gwada wannan ta hanyar ba sauro jinin waɗanda suka sha, suka tarar cikin kwana biyu kusan duk sauron ya daina ɗaukar cutar daga gare su. Ƙanin firimakwin, tafenokwin, wanda aka haɗa a Walter Reed a 1978, bai sami izinin shiga kasuwa ba sai 2018. Sau ɗaya ake shan sa maimakon kwana 14, amma yana yin makonni a jiki, in ya fara fasa jini ba a iya janye shi, don haka ba a ba kowa sai an ɗiga jininsa a na'ura an ga yawan G6PD ɗinsa. A Misisipi kuwa aikin bai tsaya ba. Firimakwin siffa biyu ce a gauraye, ta dama da ta hagu kamar tafin hannu, kuma an gano hanta ba ta sarrafa su daidai da juna: ɗaya ta fi saurin bin hanyar wutsiya ta zama kaboksifirimakwin, ɗayar ta fi tsayawa a taɓa mata kai. Sun raba su, sun ba masu sa kai kowace ita kaɗai, sun auna jini da fitsari, don a ga ko akwai wadda za ta kai ga hanta ba tare da ta yi wa jan jini ɓarna mai yawa ba.